Ƙafa ta Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da ƙarfen soda ina gyaran kayan lantarki a garin Sakkwato, kuma duk wanda ya san Ishaya na Sabon Gari ya san abu biyu a kaina: ba na aiki sau biyu, ba na kuma son a koya mini aiki. Na farkon ni na rubuta shi da jan fenti a allon shagona. Na biyun mutane ne suka gano da kansu, galibi bayan na wanke su tas a gaban jama'a. Rediyo, talabijin, inbata, sitabilaiza, sikelin masu gwal, duk sun bi ta kan teburina. Ina da baki, ban musa ba. Matata Esther takan ce da girman kai hatsi ne, da rumbu uku bai ishe ni ba.

A farkon watan Afrilu, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi, Sista Lydia ta sauka daga keke a ƙofar shagona, rungume da na'urar gwajin zuciya a cikin zane. Lydia ma'aikaciyar jinya ce, ita ke riƙe da wani ƙaramin asibiti mai ɗaki huɗu a Runjin Sambo. Likitansu, Dakta Gidaɗo, sau biyu yake leƙowa a mako.

"Baba Ishaya, wuta aka kawo da ƙarfi, sai muka ji ƙauri," in ji ta. "An ce sai dai a kai ta Legas."

"Waɗanda ke Legas ɗin kai biyu gare su?" na ce. "Ajiye ta nan."

Sai na ɗan faɗi yadda cikin na'urar yake, in ba haka ba ba za a gane girman abin da na aikata ba. Zuciyar mutum tana fitar da wuta duk bugun da ta yi, 'yar mitsitsiya, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na batirin tocila ba. Wayoyin da ake mannawa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu su ke ɗauko ta. Wutar nan kuwa ba hanya ɗaya take bi ba: tana hawa sama da sifili, tana kuma nutsewa ƙasa da shi. Shi ya sa zanen da ke fitowa a takarda yake da tudu da kwari a kan layi guda. A cikin na'urar, da farko ana ƙara wa siginar ƙarfi, a tace ta daga hayaniyar wutar gari. Daga ƙarshe akwai wani aisi mai tsada, wato ɗan baƙin abu mai ƙafafun ƙarfe a jere, da ke mayar da ita lambobi, mai ido sosai, yana iya raba ta gida sama da dubu sittin. Amma shi ɗaya ne, ƙofarsa kuma ɗaya, ga wayoyi da yawa. Don haka aka sa ƙananan aisi biyu a gabansa, mu muna ce musu malti, suna shigar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, kamar mai tsaron famfon unguwa da ke cewa wance ɗiba, wance matso. Bayan malti sai a ɗaga siginar zuwa tsakiya, yadda mai lambobin zai ga tudun ya kuma ga kwarin.

Malti na biyu ne ya ƙone, wanda ke karɓar wayoyin gefen hagu na ƙirji. Ina da irinsa a gwangwanin madara, sabo fil. Matsalar ɗaya ce: siririn layin tagulla da ke zuwa ƙafarsa ta bakwai ya ƙone ƙurmus, ba a ganin inda ya fito. Ban ko tsaya neman asalinsa ba. A inbata, a caja, a duk fanel, wato allon cikin na'ura, da na saba buɗewa, ƙafa ta bakwai da ta takwas a haɗe suke, duka a ƙasa, a sifili. Na yi hakan ya fi sau ɗari. Na ɗiga dalma ɗigo ɗaya na haɗa su, na hura, na rufe.

Kada a ce ban gwada ba, na gwada. Na danna maɓallin gwajin da ke jikin na'urar, alƙalamin da ke zane a takarda ya yi tsalle sama, ya zana ɗan akwati daidai yadda ake so. Ban tsaya nan ba, na tuɓe riga a tsakar shago na manna wayoyin a jikina, Esther na tsaye tana dariyar tumbina. Takarda ta fito da tudu reras, gwanin kyau. Abin da ban tuna ba shi ne, bugun gwajin na'urar sama kawai yake yi. Zuciya mai lafiya ma, a waɗannan wayoyin na hagu, kusan duk zanenta sama yake. Na gwada hanyar hawa sau biyu, ban gwada ta sauka ba ko sau ɗaya.

A makon ne Mode ya zo.

Mode manomin shinkafa ne, gidansa na Ƙofar Marke, gonarsa na fadamar bakin gulbi. Rediyo ce ta haɗa mu shekara ashirin da biyar da suka wuce, wata tsohuwa da masu gyara uku suka ce ta mutu, ni kuma na tashe ta kafin ya gama shan ruwa. Tun ranar ya ɗauke ni wani abu daban. Duk kaka sai buhun shinkafata ya iso shago. Duk Kirsimeti shi ke zuwa ya yanka mana akuya da hannunsa, don ya ci tare da mu hankali kwance. Shi kaɗai ne a garin nan yake tsokanata in ƙyale shi.

Ranar bai tsokane ni ba. Ya zauna a benci, ya cire hula, ya dafe ƙirji.

"Ishaya, abin ga ya ishe ni," ya ce. "In niɗ ɗauki kaya sai in ji kamar an aza man dutsi bisa ƙirji, har shi sauko ga hannun hagu. In niz zamna kuma shi wuce. Aminullahi ya matsa sai mun tahi babban asibiti. To ka san layin wurin, kwana nawa za ni yi? Ga shinkahwa ta kusa yanka."

Aminullahi babban ɗansa ne, malamin firamare, mutum mai hankali. Da na rufe bakina, da maganarsa aka bi. Amma ina! Ni da na gyara na'urar da aka ce sai Legas, ina neman wanda zan nuna wa.

"Wane layi?" na ce. "Hau babur. Minti goma a gama maka. Injin da na gyara da hannuna ne."

Ni na kai shi Runjin Sambo, na kuma tsaya a kansa Lydia na manna masa wayoyi. Aka yi sa'a ranar Dakta Gidaɗo na nan. Ya duba takardar daga farko har ƙarshe, ya ce bai ga abin tashin hankali ba, mai yiwuwa gyambon ciki ne ke hawo masa. Ya rubuta magani, ya ce in ciwon ya ci gaba a dawo. Mode bai ji wannan ta ƙarshen ba. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a cikin hula, ya kifa a kai.

"Injin Ishaya ya ce lahiya lau," ya ce, yana washe baki. "Magana ta ƙare."

Na ji daɗi ranar, daɗi sosai. Ina faɗa ne don kada wani ya rage mini laifi.

Mako uku bayan haka, ran wata Talata da hantsi, na koma asibitin duba musu sitabilaiza. Ina tsugune ina kwance sukurori Lydia ta tsaya a kaina.

"Baba, hannunka akwai albarka," ta ce. "Tun da ka gyara na'urar nan mutum ashirin da uku muka gwada, ba mu samu ko ɗaya mai matsala a gefen hagu ba. Har Dakta na cewa mutanen Runjin Sambo sun daina ciwon zuciya."

Yabo take yi, na kuma karɓa da dariya. Na gama aikina na hau babur. Sai da na kai shatale-tale maganar ta dawo mini. Mutum ashirin da uku, kowannensu ciwon ƙirji ne ya kawo shi, yawancinsu tsofaffi masu hawan jini, a ce duk lafiya lau? Mai gyara ya san wannan: mitar da kullum take faɗa maka abin da kake son ji, buɗe ta.

Na wuce shago na ɗauko wani ɗan akwati da na haɗa tun tuni, batiri ne da 'yan resisto masu rage ƙarfin wuta, yana ba da wuta daidai ƙanƙantar ta zuciya. Na koma asibitin. Lydia ta ga fuskata ba ta tambaye ni komai ba, ta buɗe mini ɗakin. Na haɗa akwatin da wayar hagu, na danna. Alƙalami ya yi sama. Na juya wayoyin biyu, ja a wurin baƙi, baƙi a wurin ja, yadda dole zanen ya nutse ƙasa daidai tsawon da ya hau. Na danna. Alƙalamin ya ɗan motsa, ya tsaya a kan layi. Na sake dannawa har sau biyar, kamar wawa, ko zai canza ra'ayi.

Na buɗe na'urar, na bi layin da ya ƙone da gilashin ƙara girma, aikin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ya ratsa ta ƙarƙashin fanel ya tafi wurin wutar da ke ƙasa da sifili. Ita ce ke ba malti damar wucewa da abin da ya nutse. Ni kuma na ɗaure ƙafar a sifili. Duk abin da zuciya ta faɗa a ƙasan layi, malti na aske shi kafin ya isa wurin mai lambobi. Shi kuma, da duk idonsa na gida dubu sittin, abin da aka miƙa masa kawai yake ƙirgawa.

"Sista," na ce, "idan jini ba ya isar zuciya sosai, ina zanen yake nunawa?"

"Sau da yawa layin yakan sauka ƙasa, ko tudun ƙarshe ya kife." Ta dubi na'urar a buɗe. "Me ya sa?"

Na faɗa mata. Na zaci za ta yi ihu, da ma ta yi, da na samu abin mayarwa. Ba ta yi ba. Ta dube ni kawai, yarinyar da na sani tun tana zuwa coci da ɗan kwali a karkace, ta ce, "Baba, mutane ne fa."

Ta kira Dakta Gidaɗo, ta ɗauko rajistar marasa lafiya, ta fara buga waya ɗaya bayan ɗaya. Ni lamba ɗaya ce a kaina. Na kira Mode sau bakwai, a kashe.

Rana na tsaka na isa Ƙofar Marke. Matarsa Tani ta fito zaure, ta tsaya a bayan labule.

"Baban Patience, lahiya da ranag ga?" Haka take kirana, da sunan 'yata.

"Ina Mode?"

"Shina hwadama, yau kwana shida. Can yaka kwana, wai kar a yi mishi sakaci da yanka. Waya kuma ba caji." Muryarta ta sauka. "Ciwon bai bar shi ba. Masu kai mishi abinci sun ce da ya ɗan motsa sai shi zamna. Sau biyu ina aika Aminullahi, ya ƙi. Shekaranjiya har ƙarya niy yi, nic ce a hwaɗa mishi ba ni da lahiya. Ya aiko a ce man ya gane wayona. Da an yi magana sai shi taɓa hula, shi ce takardar Ishaya na nan."

Ban iya gaya mata a lokacin ba. Na ce zan dawo da shi, na tayar da babur.

Hanyar fadama ba nisa gare ta ba, amma yashi ne, ga rana kamar za ta tsaga kai. Na same shi bayan azahar. An shimfiɗa tamfol, an kwantar da ganga a tsakiya, 'yan ƙwadago na ɗaukar dammunan shinkafa suna bugawa a jikinta, ƙwaya na zuba. Mode na zaune a kan buhu a inuwar wata bukkar kara. Ya rame, leɓensa ya yi fari-fari, gumin da ke goshinsa ba irin na zafi ba ne. Da ya gan ni sai ya miƙe, ya sake zama.

"Injiniya da kanai cikin taɓo! Mi yaf faru, Sabon Gari ta ƙone?"

Na zauna kusa da shi. Na ce, "Mode, tashi mu tafi asibiti yanzu. Takardar da ke cikin hularka ba daidai ba ce. Na yi kuskure a gyaran injin."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ya dafe ƙirji.

"Wanga aikin Tani na," ya ce. "Ta gwada da ɗiyanta, ta gwada da ciwon ƙarya, yanzu ta aiko babban bindiga. Nawa tab ba ka, tuwo ko hura?"

"Tani ba ta san komai ba. Na rantse da Allahn da ya yi ni da kai."

"Kai, Ishaya? Kai kay yi kuskure?" Ya juya wajen wani dattijo cikin masu bugu. "Arzika, zo ka ji. Mutumen da yat tashe rediyon da mutum ukku sunka binne. Mutumen da yak kori injiniyan kamhwani daga shagonai don ya ce mishi sake duba waya. Shekara ashirin da biyar ina zama bencinka, ban taɓa jin ka ce na yi kuskure ba, ko ga matarka. Sai yau da shinkahwata ta nuna?"

Na tsinci kara na share ƙasa. Na ja layi, na zana tudu a sama, na zana kwari a ƙasa. Na ce ga abin da zuciya ke faɗa, ga wanda injin ke ji. Na sa tafin hannu na shafe kwarin. Na ce ciwonka a nan yake iya ɓuya, a wurin da na shafe. Na yi masa bayanin ƙafa ta bakwai, na wutar da ke ƙasa da sifili, da bakin da ban taɓa lallashin kowa da shi ba. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai kamar yadda yake yi in ina ba shi labarin gyara.

"Ka iya tsara magana," ya ce. "Wuta ƙasa da babu. To mi ag ƙasa da babu, Ishaya? In babu, ai babu."

"Mode, mutuwa za ka yi!"

"Kowa ma." Ya nuna gonar da haɓa. "Dubi can. Kadada guda tar rage, ta bushe, in anka bar ta kwana ukku zubewa za ta yi ƙasa, tsuntsaye su gode man. Mutanen ga zuwa Alhamis munka yi da su, daga nan gonar wani za su. In na tahi, wa za shi tsaya? Bari Alhamis da la'asar, in zo da ƙahwata, ka manna man wayoyinka duka, har ga kunne in kana so."

A nan halina ya tashi. Na miƙe na zazzaga masa masifa a gaban 'yan ƙwadagonsa. Na ce masa jahili, na ce masa mai taurin kai, na ce shinkafar banza ta fi masa ransa. Masu bugu suka tsaya cak. Shi kuwa murmushi ya yi, irin na wanda ya ci gardama.

"Yawwa," ya ce. "Ga Ishayan da nis sani. Wancan mai ba da haƙuri ban san shi ba."

Abin da ya kamata in yi na sani. In zauna a bukkar nan, in hana shi taɓa ko da lauje, in ƙi motsawa har sai ya gaji ya bi ni. Ko in durƙusa a gabansa, wanda da ya gani da idonsa wataƙila da ya yarda. Amma an yi mini dariya a gaban mutane, a karo na farko da na buɗe baki na amsa laifi, kuma abin ya yi mini zafi. Na hau babur na tafi ko sallama ban yi ba. Ina jin sa yana kira, "Ishaya! Tsaya ka sha ruwa mana!" Ban waiwaya ba.

Kafin in kai kwalta fushin ya sauka, tsoro ya maye gurbinsa. Na tsaya a gindin wata bishiya na kira Aminullahi na gaya masa komai. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba Ishaya, da ka bari na kai shi inda na yi niyya." Na ce haka ne. Muka shirya zai samo mota da safe, Lydia za ta biyo mu, ko da ɗaukarsa za a yi cak a sa a ciki.

Washegari da ƙarfe takwas muka kama hanya, Aminullahi na gaba, ni da Lydia a baya da jakarta. Da muka sauka daga kwalta muka shiga yashi, sai na lura ba na jin ƙarar bugun ganga, alhali jiya tun daga nan ake jin ta. Muka ƙarasa. 'Yan ƙwadagon na tsaitsaye a bakin bukka, an shimfiɗe shi a kan tamfol, an rufe shi da babbar rigarsa. Lydia ta durƙusa ta taɓa wuyansa, ta duba idonsa, ta mayar da rigar. Arzika ya ce bai fi rabin awa ba.

Motar da muka kawo don kai shi asibiti ita ta kai shi gida. Kafin azahar an yi masa sutura. Na tsaya daga gefe lokacin da suke sallah, na bi su har maƙabarta, na dawo ban san ta inda na bi ba.

Gyaran na'urar minti huɗu ya ɗauke ni. Na zare ɗigon dalmar, na ja 'yar waya daga ƙafa ta bakwai zuwa inda ta dace. Na gwada sama, na gwada ƙasa, kowace waya, Dakta Gidaɗo na tsaye yana kallo. Cikin mutum ashirin da biyun da suka rage, Lydia ta samo su duka. Uku daga ciki an tura su babban asibiti, suna shan magani yanzu. Esther ta ce in gode wa Allah da waɗannan ukun. Ina godewa, amma ba ya rage mini komai.

Ran sadakar uku na je Ƙofar Marke. Na zauna a tabarma cikin mutane, ana ta addu'a, ina sunkuye. Da jama'a suka ragu Aminullahi ya zo ya ce mahaifiyarsa na son magana da ni. Na shiga zaure. Tana bayan labulen nan dai, muryarta ta dushe.

"Baban Patience, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ku, Tani," na ce. "Aminullahi ya gaya miki?"

"Ya hwaɗa man."

"Ni ne sanadi. Ni na hana a kai shi inda za a gani, ni na ba shi takardar ƙarya."

"Kwana nai ya ƙare," ta ce. "Wanga ba hannunka ba na. Amma tunda ka tambaya, ba ni ɓoye ma. Ka tahi, ka hwaɗa mishi gaskiya, na sani. Ba shi iya yarda. Ko Malam na masallaci yac ce abu, shikan ce bari in ji ta bakin Ishaya, shi ba shi kuskure. Kai kak koya mishi hakanan, shekara da shekaru. Rana guda ba ta kwance shi."

Na yunƙura zan tashi, ta tsayar da ni.

"Ga kayanka nan gehe, ka sa a kai ma."

Na juya. A kusurwar zauren akwai buhun shinkafa guda, an ɗinke bakinsa, an rubuta sunana a jiki da gawayi, da rubutun Mode mai karkata.

"Arzika ya ce tun da asuba yat tashi shina cewa ka tahi da hushi, ko ruwa ba ka sha ba," in ji Tani. "Yac ce a hwara cika naka, in Aminullahi ya zo shi kai ma, ka huce. Sun ce shi bari su ɗauka, yac ce a'a, na Ishaya shi ka aza shi da kanai, kamar kullum. Ya kai shi bisa kahwaɗa, ya yi taki biyu."

Aminullahi ne ya ɗaura mini buhun a bayan babur. Na tura shi da ƙafa tun daga Ƙofar Marke har Sabon Gari, ban iya hawa ba.

Buhun na nan a shago, a ƙarƙashin benci, daidai inda Mode ke zama. Esther ta tambaye ni sau biyu ko a buɗe kafin ƙwari su shiga. Na ce ta bari tukuna.